Ruwan da Ke Bayan Katanga

Har zuwa bana, in ka bi ta Gwallameji da hantsi, bayan ma'aikata sun watse, za ka ga wani dattijo dogo siriri zaune a ƙofar wani gida na bakin titi, yana jiran mai kurar ruwa. Injiniya Mijinyawa ke nan. Ba injiniya ba ne fa, ilimin duwatsu da ƙarƙashin ƙasa ya karanta, amma mutanen Bauchi ina suka ga lokacin wannan dogon bayani? Duk wanda ya taɓa sa hular kwano, injiniya ne.

Shekara talatin ya yi a Fatakwal wajen masu haƙar man fetur, kuma aikinsa guda ɗaya ne tal: duba tsaga. Can ƙasa, in dutse ya tsage ya goce, tsagar iri biyu ce. Wata yumɓu ne ke shiga ya liƙe ta ƙam, sai mai ya zo ya taru a bayanta, ba hanyar wucewa. Wata kuma a buɗe take, mai ya bi ta ciki ya zurare, a zo a haƙa a tarar da wayam. Shi Mijinyawa yakan kira su tsaga mai riƙo da tsaga mai yoyo, kuma abokan aikinsa sun shaida da wuya ya kuskure wajen bambance su.

To, mutumin da ya san ƙarƙashin ƙasa haka, ruwa yake saye a jarka. 'Yan unguwa har tsokanarsa suke yi. "Injiniya, yau ma ba a samo mana tsagar ba?" Sai ya yi ɗan murmushi ya ce Allah ya kawo. Abin da ya fi ba su dariya shi ne, bayan katangarsa gidan ƙaninsa Muktar ne, tela a kasuwar Wunti, kuma burtsatsen gidan Muktar ko a watan Afrilu ba ya ƙafewa. Uwa ɗaya uba ɗaya, katanga ɗaya a tsakani, shekara goma sha ɗaya ko sallama ba su yi wa juna.

Asalin abin gona ce. Da mahaifinsu ya rasu, 'yan'uwansu mata suka karɓi rabonsu a gidan cikin gari, maza biyu aka bar musu gonar Gwallameji, wadda gari ya riga ya cimmata. Mijinyawa ya zo hutu da na'urarsa, ya yi kwana biyu yana kafa ƙarafa yana jan waya a gonar, rana tsaka, kowa na gani. Abin da ya gano shi ne wata tsaga mai riƙo ta ratsa gonar daga arewa zuwa kudu. Ruwan da ke gangarowa daga gabas yana zuwa ya tsaya a bayanta. Ɓangaren gabas, mai duwatsu, nesa da titi, ruwa ne kwance a ƙasansa. Ɓangaren titi kuwa, shimfiɗaɗɗe mai kyan gani, ko ka haƙa har ka gaji ƙura za ka samu.

Ya yi tunani. Shi 'yarsa ɗaya, kuma ba a garin yake zaune ba. Muktar 'ya'ya tara. Ranar rabo, da aka ce babba ya fara zaɓa, sai ya nuna bakin titi.

Kai, da ma ya buɗe baki a lokacin! Amma a gidansu babba ba ya faɗin alherin da ya yi wa ƙani, abin kunya ne, kuma ya san Muktar sarai, in ya ji an tausaya masa ne wallahi ba zai karɓa ba. Ya ce a ransa in an kwana biyu zai gaya masa. Sai Muktar ya miƙe a gaban baffanninsu ya ce, "Dama abin da Hamma ya kwana biyu yana aunawa ke nan. Ɗan boko ya auna, ya ɗebe mai kyau, ya bar wa tela duwatsu." Hamma shi ne yadda suke kiran babban wa a gidansu, kuma daga ranar Muktar bai sake faɗin kalmar ba.

Maganar ta soki Mijinyawa ƙwarai, fushi ya hana shi bayani. Da fushin ya huce kuma, sai ga Muktar ya haƙa burtsatse, ruwa ya yi tsiri sama, ya yanka rago, ya riƙa gaya wa duk wanda ya zo ɗiba cewa Allah ne ya saka masa. To yanzu ka je ka ce masa me?

Haka Mijinyawa ya yi ritaya ya dawo cikin gidan da ya gina a bakin titin. Matarsa Maimuna, ita kaɗai ta san gaskiyar, ta yi ta fama da shi ya faɗa, har Allah ya karɓi abarsa shekara huɗu da suka wuce. Muktar ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya tafi. 'Yarsu tana aure a Kaduna, takan kira ran Juma'a. Sauran kwanakin, abokan hirarsa muryoyin bayan katanga ne: ƙarar injin yana tura ruwa tanki, matan unguwa suna gardamar layi, Bintu matar Muktar tana ƙwala wa jikoki kira. Shi da rediyonsa da buta ɗaya. Kaɗaici ya ci shi, ba sai an ɓoye ba. Abu ɗaya yake so kafin ya mutu, Muktar ya san bai cuce shi ba. Taswirar da ya zana a waccan shekarar tana cikin akwati, da jan layin tsagar a tsakiyarta. Sau nawa ya ɗauko ta ya kai bakin ƙofa ya komo, shi ma bai sani ba.

Bana bayan ƙaramar salla sai ya fara jin tari ta bayan katanga, tari mai nauyi. Keken ɗinkin da Muktar ke taɓawa a gida ya yi shiru. Masu dubiya suka fara sintiri. Ran wata Talata bayan la'asar, Bintu ta yi sallama a ƙofarsa, ta durƙusa, ta ce, "Hamma, Malam yana son ganinka."

Ya ɗauko taswirar ya ninke ya sa a aljihun gaba. Yau dai, in ji shi, yau za a gama.

Ya tarar da Muktar kwance a tabarma a inuwar tanki, ya rame har ba ka cewa shi ne. Mijinyawa ya zauna, ya kai hannu aljihu. Kafin ya zaro takardar, Muktar ya kama ɗaya hannun.

"Hamma," ya ce, numfashinsa sama-sama. "Likita ya gaya mini gaskiya. Ba na so in tafi da kowa a raina. Maganar gonar nan, na daɗe ina kokawa da zuciyata, wallahi ba ƙaramin aiki na sha ba. Na yafe maka, Hamma. Duniya da lahira na yafe maka."

Fuskarsa ta saki, kamar wanda ya sauke buhu daga ka.

Yatsun Mijinyawa suna kan takardar. In ya buɗe ta, sunansa ya wanku. Amma mutumin da ke kwance zai gane cewa shekara goma sha ɗaya yana shan kyautar wansa yana zaginsa, ya bar shi da jarka, ya tsaya a sahun baya ranar jana'izar Maimuna, kuma ba sauran kwanakin da zai gyara. Yafiyar nan ita kaɗai ta rage masa a hannu.

Mijinyawa ya zare hannunsa daga aljihu, ba komai a ciki. Ya ce, "Na gode, Muktari. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Kwana shida bayan nan Muktar ya cika. Bayan addu'ar uku, 'ya'yansa suka huda katangar suka zuro tiyo, suka ce wasiyyar babansu ce, kada Baffa ya ƙara sayen ruwa. 'Yan unguwa suka yi ta yabon marigayi, mutumin kirki, an cuce shi ya rama da alheri. Mijinyawa yana zaune yana ji, yana cewa haka ne.

Da suka watse ya tara butarsa a bakin tiyon. Ruwan sanyi ƙalau, garau, daidai yadda ya lissafa zai kasance. Ya yi alwala, ya shiga ɗaki, ya mayar da taswirar ƙasan akwati. Mai kurar ruwa, wanda shi kaɗai ke tsayawa su gaisa kullum da hantsi, daga ranar bai ƙara biyowa ba.