Uwar Taki da Cokulan Ƙarya

Kowa a babbar kasuwa Uwar Taki yake kiranta, har jikokinta ma. Mace ce gajera mai kaurin murya, wadda ba ta iya ɓoye fushi ba. Shekara ashirin da biyu ta yi tana sharar layin masu abinci, kuma babu abin da ta tsana kamar cokalin roba. Shi ke toshe kwata, shi ke karyewa ya soki hannu. Da gwiwoyinta suka fara ciwo, hukumar kasuwa ta mayar da ita filin da ke bayan rumfuna, inda ake tara ragowar abinci da ɓawon kayan miya ana yin taki. Nan ta samu sunanta. Masu lambu har layi suke yi, domin takinta baƙi ne wuluk, ga laushi, ba ko tsinke a ciki.

Wata rana hukuma ta ce an hana cokalin roba a kasuwa. An kawo wasu sababbi masu ruwan ƙasa, da aka yi da tuƙar rake da ɓuntun shinkafa, wai in an gama ci a zuba su cikin shara su ruɓe. Uwar Taki ba ta yarda da wai ba. Ta binne guda goma a cikin tulin taki, ta kafa sanda a wurin. Bayan wata biyu ta tona, ta tarar sun zama gari. Ranar har rawa ta taka.

Daga nan ta ɗora wa kanta aikin da ba wanda ya sa ta. Rumfa-rumfa ta bi masu abinci, waɗanda ke ƙorafin sababbin sun fi tsada.

"Ku dai saya," take ce musu. "Da idona na gani. In ƙarya ce, ku tofa min yawu a fuska."

Suka saya, don sun san ba ta ƙarya.

Bayan wata biyar aka canja ɗan kwangilar da ke kawo cokulan. Sabon ɗan kwangilar ƙanin matar manajan kasuwa ne. Cokulansa da na farko kala ɗaya, hoton ganye ɗaya a jikin mariƙi, ba wanda ya lura da komai. Sai da wani dattijo mai lambun latas ya dawo da buhu uku na taki a baro, ya zazzage su a gabanta.

"Baiwar Allah, me na yi miki? Taki na saya ko bola?"

Ta durƙusa ta cusa hannu. Gutsattsarin cokula ne birjik, wasu ko lanƙwasa ba su yi ba. Ta tona tuli na biyu, ta tona na uku, duk haka. Aikin wata huɗu ya tashi a banza. Ba asarar ce ta fi ƙona mata rai ba, sai tuna bakinta da ta bi rumfuna da shi.

Ta cika bokiti, ta shiga ofishin manaja ba sallama, ta juye masa a kan tebur, kan takardu da kofin shayinsa.

"Ke! Kina da hankali kuwa?"

"Da saura, ranka ya daɗe. Wannan ne cokalin da ke ruɓewa?"

Manaja ya kaɗe rigarsa, ya ce laifinta ne. Ba ta juya takin yadda ya kamata, ba ta ba shi ruwa, ga tsufa ya kama ta. Ya ce akwai takardar shaida daga kamfani.

"To takardar ce za ta ruɓe, ba cokalin ba."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da ashana da wani tsohon cokali na kwangilar farko. Ta kunna masa wuta, ya ci kamar kara, ya bar toka. Ta ɗauki sabon ta kunna. Ya narke yana ɗiga a kan tebur, baƙin hayaƙi da warin roba suka cika ofis. Ma'aikatan da suka taru a bakin ƙofa suka toshe hanci.

"Roba ce aka shafa wa kala," in ji ta. "Ni kuka sa na yi muku tallar ƙarya, da furfurata!"

Washegari aka ba ta takarda: an mayar da ita shara, saboda rashin ladabi. Mijinta, tsohon direba ne mai sanyin hali, ya ce ta je ta ba da haƙuri.

"In ba wa? Shi ya kamata ya zo nan ya durƙusa. Malam, in ba za ka taya ni fushi ba, ka ci abincinka."

Ta koma tsintsiya da gwiwoyinta masu ciwo. Amma labarin ashana ya riga ya zaga. Duk katan ɗin cokula da aka sauke, masu abinci sai sun zare ɗaya sun ƙona a gaban mai kawowa. Cikin sati uku ɗan kwangila ya daina zuwa. Ba a kama shi ba, ba a ko tuhume shi ba. An ce yana can yana kai wa makarantu da asibitoci, manaja kuma yana nan a kujerarsa.

Matar da aka ba filin taki ta zo neman shawara, ta same ta tana shara. Uwar Taki ba ta ɗago ba.

"Ki samo rariya mai ƙananan ido," ta ce. "Tuli bakwai ne, sai kin tace su duka kafin ki sayar wa kowa. In manaja ya ce ki sayar haka, ki aiko a kira ni."