Inna Mai Leƙen Shara

Shekara ashirin da shida Inna ta yi tana share ɗakin marasa lafiya a asibiti. Da ta ajiye aiki tsintsiyar kawai ta mayar musu, halin kuwa ta taho da shi gida. A gidan hayarmu ɗakinta ne na bakin ƙofa, daf da kwandon da dukanmu muke zuba shara, kuma ba ka isa ka juye taka ka wuce ba ta leƙa ba. Matan gidan suka raɗa mata Mai Leƙen Shara. Ba zan ɓoye ba, da bakina a ciki, ni ce ma gwanar kwaikwayon yadda take karkata kai tana tura kwali da yatsan ƙafa.

In an yi mata tsiya sai ta ce a asibiti likita mutum yake dubawa, nas takarda, ita kuma kwando, kuma kwando bai taɓa yi mata ƙarya ba. A nan take gane wanda ya tofar da ƙwayarsa, da wanda dangi suka shigo masa da magani a ɓoye. Karatunta bai yi nisa ba, da yatsa take bin rubutu, amma sunayen magunguna sun zauna mata daram.

Ba wai tana gaba da magani ba ne. Farasitamol ba ya yankewa a gwangwanin da take ajiyewa saman kabad. Ciwon kai, zazzaɓi, ciwon mara, ka je za ta ɓallo maka biyu, sai dai ka sha tambaya kafin ka sha ƙwaya: yaushe rabonka da shi, me ka haɗa da shi? Babba biyu ne, a bar aƙalla awa huɗu tsakani, kada a wuce takwas a kwana guda. Yaro kuwa ba ta yarda a gutsura masa na manya da ka, sai na ruwa, a auna da cokalin da ya zo da shi. Zazzaɓi ya kwana uku, ta rufe gwangwani ta nuna maka hanyar asibiti.

Maigidana kafinta ne, mutumin da ba ya tsoron zarto amma yana jin sunan likitan haƙori jikinsa zai yi sanyi. Haƙori ya sa shi gaba a makon da aiki ya yi masa yawa, ga mura ta zo ta tarar. Ya sayo farasitamol yana afawa biyu-biyu duk sanda ciwon ya motsa, ba ruwansa da agogo. Ni kuma, uwar tausayi, na sayo masa na mura wanda ake jiƙawa a ruwan zafi. Abokin aikinsa ya ƙara masa da wani mai jan kwali, wai na ciwon jiki. Kwana uku muna haka, ina ganin magani uku ne kowanne da aikinsa.

Rana ta huɗu da hantsi na share ɗaki na kai shara. Ban kai ƙofata ba Inna ta kira ni. Ta jera kwalayen magungunan da na zubar a bakin tagarta, ta tambayi ko mutum ɗaya ne ya shanye wannan duka, kuma cikin kwana nawa. Na amsa mata a daƙile. Ta juya kowane kwali, ta ɗora yatsa kan ƙananan rubutun da ban taɓa kula da su ba.

"'Yar nan, duk farasitamol ne a ciki. Yana ina?"

Na ce yana shago, ƙalau yake, ɗan tashin zuciya ne kawai. Kafin in rufe baki ta saka takalmi.

"Hanta ba ta kuka da wuri," in ji ta. "Na share ƙarƙashin gadon waɗanda suka shigo da ƙafarsu suna cewa ƙalau suke."

Muka same shi yana goge katako, ya saurare mu ya yi dariya, ya ce Inna ta bari ya ƙarasa wannan tukuna. Sai ta hau kan katakon ta zauna, ta ce to ya goge har da ita. Haka ya ajiye kayan aiki ya bi mu yana ƙunƙuni.

Ita ta miƙa wa likita kwalayen a leda. Aka ɗebi jini, aka ɗaura masa ƙarin ruwa mai maganin kare hanta, ya kwana huɗu a gado. Likitan ya ce hantar ta fara taɓuwa, da mun ƙara kwana ɗaya ko biyu yana sha, da wani zancen ake yi. Haƙorin da ya jawo duk wannan, minti goma aka yi aka cire shi.

Ranar da aka sallame mu na shiga ɗakinta in yi godiya, sai hawaye. Kunya da godiya suka haɗe mini, don na san abin da bakina ya sha faɗa a kanta. Ta ce in share fuska kada yara su ɗauka wani abu ya faru.

Da maigidana ya koma shago, abin da ya fara haɗawa 'yar kujera ce mai majingina, ya kawo ya ajiye mata a bakin ƙofa. Har yau a kanta take zama. Ni kuwa in na kawo shara ba na juyewa, sai na karkato mata kwandon na tsaya ta gama dubawa.