Koren Fentin Motar Baba

Jama'a, yau na je zaɓen fenti a Kankia, na dawo hannu rabbana.

Kun tuna motar wasan nan mai rimot da marigayi Baba ya kawo mani daga Makka, zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa? Tun ina yaro nake jin haushin launinta, kore da ruwan ɗorawa, duk sawun buroshi. Na ce bari in maida ta ja, in ba jikata.

Na miƙa wa Malam Sule, tsohon mai fentin motoci. Ya juya ta, ya duba fentin.

Ya ce, "Ɗana, ni na shafa wannan. Ja ta zo."

Na ce, "To don me kuka ɓata ta?"

Ya ce, "Mahaifinka motarshi ta katako, mai jigilar Kusada, ya sayar ya tafi Hajji. Da ya dawo ya ce in yi wa wannan launin waccan, kada gidanshi ya zauna ba mota."

Can ya ce, "Wane irin ja kake so?"

Na ce, "Malam, bar fentin, wanke mani ita kawai."