Mai Zama a Gaban Tarakta

Yayana ƙato ne tun yana saurayi. A ƙauyenmu da ke gefen Challawa, idan kurar ɗaukar kaya ta kafe a laka shi ake kira. Bai yi boko ba. Ni na yi firamare, shi ya sa kamfanin fata ya ɗauke ni a ɗakin awo. Shi kuwa yana cikin leburan waje, waɗanda heluma, wato shugaban leburori, ke zaɓa kowace safiya a bakin ƙofa. Ranar da bai nuna ka ba, sai ka koma gida.

A bayan kamfanin akwai babban fili da ya dangana da lambatun da ke kai ruwan jima kogi. Da damina ciyawa takan shanye mutum, ga macizai. Wata ƙaramar tarakta ce ke jan injin yankan ciyawa, wanda muke kira silasha. Faranti ne na ƙarfe, wuƙaƙe na juyawa a ƙarƙashinsa. A farkon shekarun tamanin tsohuwar silasha ta mutu, aka sayo wata daga wani kamfani da ya rufe a Bompai. Ta babbar tarakta ce. Ta fi tsohuwar nauyi ƙwarai, kuma faɗinta ya wuce tayoyin baya ta kowane gefe.

Ranar da aka haɗa ta, direba na ɗaga ta sai gaban tarakta ya tashi, tayoyin gaba suka bar ƙasa, sitiyari ya zama ba shi da amfani. Direban dattijo ne mutumin Damagaram. Ya ce akwai ƙarafan da ake rataya wa gaba don su danne ta. Heluma ya ce ofis zai sa a kawo daga Legas. Daga nan ya dubi leburori ɗaya bayan ɗaya, ya yi dariya, ya yafito Yaya. Aka ɗaure guntun katako a gaban injin, Yaya ya hau ya zauna, tayoyi suka sauko. Kowa ya yi dariya, har da shi.

Tun daga ranar ba a sake barinsa a bakin ƙofa ba. Yana zaune a kan katakon, hannu ɗaya a kan ƙarfen fitila, ɗaya a gefen bonet, zafin inji na dukan bayansa. Leburori suka sa masa suna ƙarfen Legas.

"Ƙarfen Legas, an kwana lafiya? Yau ma za a hau dokin?"

"Za a hau," in ji shi. "Ku dai ku ci gaba da ramewa, mu ga wanda zai ɗauke ku."

A lokacin kamfanonin Sharada da Bompai suna ta rage ma'aikata, masu tsayuwa a ƙofarmu kullum ƙaruwa suke. Yaya yana da mata da 'ya'ya ƙanana, gonar gidanmu kuma ta daɗe da shiga cikin katangar wani kamfani. Matarsa takan ƙara masa malmalar tuwo, ta ce jikin nan ne jarinsu. Ko da rani heluma yakan samo masa wani aiki, don kada damina ta zo ya neme shi ya rasa. Ƙarafan ba su zo ba, kuma ba wanda ya sake tambaya.

Da bazara ta gaba ciwon shawara ya kwantar da shi. Ya tashi, amma rigunansa sun yi masa yawa. Ranar da ya koma kan katakon, duk inda aka zo juyawa sai gaban ya yi ta lilo. Heluma ya tsaya yana kallo, sannan ya ce akwai wani ƙato mutumin Haɗeja a bakin ƙofa, idan gobe haka aka tashi sai a gwada shi.

Da la'asar na sami Yaya a tsohon ɗakin mahaifiyarmu yana ciro dutsen niƙanta, wanda ba a taɓa shi ba tun zuwan injin niƙa. Ya sa shi a buhu yana haki. Da na gane abin da yake nufi, na ce ya ba direba a ɗaure dutsen da waya, shi ya zauna a gefe hannunsa a sake. 

"Kai da ka yi makaranta," ya ce. "Idan suka ga dutse a ɗaure yana aiki, ni me zan yi musu?"

 

Haka ya riƙa hawa da buhun a cinyarsa, ya rungume shi da hannu biyu don kada ya zame. Tayoyi suka zauna. Heluma ya gani ya kau da kai. Direba ya roƙe shi ya saki hannu ɗaya ya kama ƙarfe, Yaya ya ce dutsen ba ya riƙuwa da hannu ɗaya. Sai dattijon ya rage gudu, har heluma ya fara yi masa faɗa a kan jinkiri.

Abin ya faru a kusa da lambatu, inda ruwa ya zaizaye ƙasa ciyawa ta rufe ramin. Tayar gaba ta faɗa, Yaya ya kife ta gefe. Da tsohuwar silasha ce, da ta wuce shi, don ba ta kai faɗin tayoyi ba. Ina cikin ɗakin awo na ji inji ya yi shiru, sannan na ji salati. Abin da na tarar ba zan rubuta shi ba. Direban bai sake taɓa sitiyari ba, ya koma ƙasarsu kafin kaka.

Manaja ya zo gaisuwa ranar sadakar uku, shi da heluma. Suka ce ƙaddara ce. Ba na jayayya da ƙaddara. Amma ba ƙaddara ce ta sayo silashar ba, ba ita ce kuma ta mance da ƙarafan Legas ba.

Da na koma aiki na ji ƙarar tarakta a baya, na fita na duba. Sabon direba ne. A kan katakon an ɗaure dutsen niƙan da waya, an ƙara masa bulo biyu. Gaban a zaune yake daram, tana juyawa ba wani lilo.

Na sami heluma na ce dutsen nan na mahaifiyarmu ne, ina so in mayar da shi gida. Ya yi mini ta'aziyya a karo na biyu, ya dafa kafaɗata.

"Ka yi haƙuri, Malam. Ka bari a gama ciyawar bana."

 'Ya'yan Yaya sun dawo hannuna, kuma masu tsayuwa a bakin ƙofa ba su ragu ba. Na koma ɗakin awo. Tagarsa tana kallon filin, sai na juya teburina.