Gwaggo, Akun Yaya Sale

Jama'a, na gaji da riƙe wannan magana ni kaɗai, shi ya sa zan faɗa muku. Wallahi da ni ta faru, shekarun baya, lokacin ina kamun kifi tare da yayana Sale a wajen Kirikasamma, muna bandarsa a wuta muna kaiwa Haɗeja.

Yaya Sale yana da wata aku da wani direba mai kai kifi Legas ya kawo masa, wai vasa ake ce wa irinta, daga Madagaska. Ba mai jan wutsiyar nan da muka sani ba ce, baƙa ce wuluk, mace, ga dogon wuya. Gwaggo ya sa mata suna saboda faɗa. In lokacin yin ƙwanta ya zo sai gashin kanta ya zube tas, fatar ta koma rawaya kamar an shafa mata manja, to a nan fa ba mai zuwa kusa da keji. Ta taɓa tsaga wa Inna, mahaifiyarmu, yatsa, ni ma ga tabonta a kunnena. Daga hannun Yaya kaɗai take ci, kuma duk zamanta da mu ba ta taɓa kwaikwayon ko kalma ɗaya ba, sai ihu.

Shekarar da ruwa ya yi yawa, da rana tsaka, ciyawar kachala ta riƙe mana raga. Yaya ya naɗe igiya a hannu, ya miƙo mini ɗaya bakin, ya ce, "Auta, riƙe, kar ka saki," ya faɗa ruwa don ya kwance ragar. Ruwa ya ja shi, kwalekwale ya fara karkata, igiya na yanka tafina, tsoro ya kama ni, na saki. Sai bayan kwana biyu aka sami gawarsa. Na ce wa kowa igiya ce ta tsinke, ba wanda yake wurin balle ya ƙaryata ni.

Gwaggo ta ƙi abinci, kai ya yi ƙwal, ko inuwarka ta gani sai ta kai wa keji sara. Bayan addu'ar bakwai aka raba tufafin mamaci, shuɗiyar rigarsa ta aiki ta faɗo kaina. Inna ta ce, "Sa rigar nan ka miƙa mata abinci, ko za ta ci. Ita ce abin da ya bar mana mai rai."

Da hantsi ne, Inna na tsintar shinkafa a tsakar gida. Na sa rigar, na buɗe keji da guntun gwaiba a hannu ina jiran cizo. Kai! Sai ta tako a hankali ta hau wuyan hannuna, ta karkata kai tana kallona, ta buɗe baki da muryar Yaya sak, har da dushewar nan tasa.

"Auta, riƙe, kar ka saki."

Sau uku. Na ukun da ƙarfi, yana shaƙewa, yadda ya fito lokacin da ruwa ke shiga bakinsa. Tsuntsuwar da ba ta taɓa ganin kogi ba.

Inna ta ajiye faifai. "Auta, me aka ce ka riƙe?"

Na sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta ƙara tambayata ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba, amma har Allah Ya karɓi ranta ba ta sake karɓar ko ruwan sha daga hannuna ba.

Gwaggo kuwa tana nan, daga hannuna kaɗai take ci yanzu. Na kasa sayar da ita, na kasa sakinta. Duk shekara in kanta ya fara zubewa sai barci ya ƙaurace mini, don na san za ta faɗa, sau uku, ta yi shiru sai wata shekarar. Ban san mene ne ba, kuma na daina tambayar malamai.

Shawarata, in wani ya rasu a gabanku, ku faɗi yadda aka yi tun ranar, komai ɗacinta. Da daga bakina Inna ta ji, wataƙila da ta sha ruwan.