Dariyar da Na Yi a Gaban Likita

Ina shekara ta biyu da fara koyar da Turanci a wata firamare ta Nassarawa, a Birnin Kebbi, lokacin muna Jihar Sakkwato. Akwai wasu kalmomin Turawa masu tafiya bibbiyu kamar tagwaye, irin su dilly-dally da wishy-washy, da nake tarawa a bayan littafin darasi. Duk sanda na je Argungu sai in karanta wa mahaifina. Masunci ne, bai taɓa zama aji ba, amma kunnensa na son su. Yakan ajiye komar da yake ɗinki ya ce, "Malam, sake faɗin waccan." Malam yake ce mini tun da na kama aiki. Sai ya yi ta dariya, yana cewa ashe Bature ma yana da nasa buguzum-buguzum.

Da damina ƙayar kifin kurungu ta soke shi a ƙafa. Ya shafa maganin gida, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Da ƙyar na shawo kansa muka zo asibiti a Birnin Kebbi.

Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, don haka ni ne tafinta. Ya kwance tsumman da aka naɗe ƙafar da shi, ya ga laya ɗaure a idon sawu. Ya ɗauki almakashi ya yanke ta, ya jefa a kwano, ya ce, "Mumbo-jumbo."

Shirme da tsafi yake nufi, amma ga wata kalmar tagwaye da ban taɓa ji ba. Kafin in yi tunani dariya ta kuɓuce mini. Ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye ita ma ta dara.

Mahaifina ya dubi layar. Ubansa ne ya ɗaura masa ita ranar da ya fara shiga gulbi. Sannan ya dube ni.

"Mi yac ce?"

"Cewa ya yi za a wanke ciwon, Baba."

"Wankin ciwon shi ad da ban dariya?"

Ya miƙa hannu ya ɗauki layarsa, ya sa a aljihu, ya ce in kai shi tasha. Likitan ya ce in bai kwanta ba dafin zai hau jikinsa. Na fassara masa wannan daidai, har sau uku, ina roƙonsa. Ya ce, "Na jiya." Muka hau mota muka koma Argungu.

Bai ƙara mako uku a duniya ba. Na ɗauki hutu na zauna kusa da shi. Ya yi mini maganar gonar albasa, da wanda za a ba kwalekwalensa, amma bai taɓa tayar da zancen asibiti ba, ni ma na kasa.

Bayan sadakar bakwai, mahaifiyata ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Kai kag ga komi. Mi yah hana shi kwana can?"

Na ce mata ban sani ba.