Buhun dutsen zinari ba na gero ba ne

Ina tankaɗe sai ga Malama ta yi sallama. Wallahi rariya ta kusa suɓuce min. Ɗiyata ka rubuta wanga, ni ban yi boko ba.

Malamar nan binciken abinci take yi. Bara ita ta gano gubar dalma na komowa gidajenmu cikin buhunan da maza ke ɗauko dutsen zinari. Mu kuwa sai mu kakkaɓe, mu shanya, mu zuba gero, wai ya tsarkaka. Jikokina biyu na rufe lokacin gubar nan. Sani kaɗai ya rage, kuma ni ke dama mai koko.

Tun da ta hana zuba gero cikin buhunan, na koma ajiye shi cikin tukunya, amma hankalina bai kwanta ba. Kwanaki ta ɗebi garina ta tahi aunawa, yau ta komo.

Nic ce ma Malama, "Ɗiyata, hwaɗa min tsaye. In ni ke kashe yaron nan, in sani."

Tac ce, "Haba Inna, ki bari in zauna mana! Garinki lahiya lau, babu komai ciki."

Nic ce, "Rantse."

Ta yi dariya, ta ɗauki ludayi ta kurɓi kokon Sani gabana. Nan na zauna ƙasa ina kuka ina hamdala.

Ashe abin da ido bai gani, sanda ba ta kakkaɓe shi. Jama'a, ku gaya min, can wajenku an daina zuba hatsi cikin buhunan nan?